Ƙusa ɗaya ce ta kauce a bayana, ta ci min ƙafar hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, yanzu haka da ƙusoshi huɗu da sandunan ƙarfe biyu nake yawo a kwankwasona, kuma sau biyu aka buɗe bayan nan nawa kafin a samu yadda ake so. Labarin yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

A wani ƙauye aka haife ni a ƙasar Gumel, gidanmu manoma ne, gero da wake da riɗi. Ban gama tasawa ba mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a maza, toh kun san yadda abin yake. Da rani na biyo 'yan garinmu cirani, na faɗa kasuwar Dawanau ina dako. Buhu mai kilo 100 za a ɗora maka a gadon baya ka hau katako da shi zuwa kan tirela, katakon yana lilo kai kana lilo, tun safe har la'asar sakaliya, kuma a lokacin ba wanda yake tunanin akwai ranar da jiki zai nemi hakkinsa. Allah ya haɗa ni da ubangida na gari, daga dako na koma awo, daga awo na fara ɗan saye da sayarwa, har na samu sito nawa na riɗi da zoɓorodo, na yi aure, aka samu yara Alhamdulillah.

Ciwon kwankwaso ya fara min tun ina da shekara talatin da 'yan kai. Duk wanda na faɗa wa sai yace basir ne, wani yace sanyi ne. Na sha jiƙe-jiƙe kala-kala, an yi min ƙaho, in abin ya motsa in je kemis a yi min allura in samu kwana biyu. Wajen 2017 ne abin ya sauya salo, ciwon ya fara sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafar dama, in na yi 'yar tafiya sai ƙafar ta yi nauyi ta riƙa ɗaukar zafi dole in tsaya in sunkuya ko in jingina da buhu, da na sunkuya kuma sai inji sauƙi. Tafiyar da nake iya yi ta riƙa raguwa, daga bakin titi zuwa sito sai na huta a hanya. Azumin 2019 tsayuwar tarawihi ta gagare ni gaba ɗaya, ina zaune a sahu ina kallon dattawan da suka haife ni suna tsaye, wallahi ranar sai da hawaye ya zubo min.

Bayan salla ƙanina ya matsa min muka je asibiti aka yi MRI, wato hoton da yake nuna ƙashi da jijiyoyi. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna min, yace Alhaji gadon baya ba ƙashi ɗaya bane, guntaye ne a jere, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a kwankwaso, waɗannan biyar ɗin su ake ƙirgawa L1 zuwa L5. Nawa na huɗun ya zame gaba a kan na biyar, shi ya matse hanyar da jijiyoyin ƙafa suke bi. Bai yi gaggawar cewa tiyata ba gaskiya, sai da aka gwada magani da gashin ƙashi na wasu watanni, da aka ga ba ci gaba sannan yace sai dai a buɗe a sassauta wa jijiyoyin, a ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙusoshi huɗu da sanduna biyu har su haɗe su zama ɗaya.

Gida ya rikice. Innarmu ta kama hannuna tace ɗan nan, ƙarfe a jikin mutum? Baya fa ba a taɓa shi. A kasuwa kowa da labarin wanda ya sani da aka yi wa aikin baya bai ƙara takawa ba. Ni kaina tsoro nake ji, amma na duba naga ko ba a taɓa ni ba hanyar kujerar guragu na nufa. Na yi istihara, na shawarci uwargida, tace Alhaji duk abin da ka yanke muna bayanka. Mun yi wa likita tambayoyi da yawa, kuɗi nawa, kwana nawa, ƙarfen zai yi tsatsa ne, yace taitaniyom ne ba ya tsatsa, ko MRI ana iya shiga da shi. Maganar yadda za a tabbatar ƙusa ta zauna daidai kuwa ba ta zo a bakin kowa ba, mu a tunaninmu wanda ya buɗe bayanka ai yana ganin komai da idonsa.

Aka yi aikin a watan Nuwamba 2019, sanyi ya fara shigowa. Da na farfaɗo abu na farko da na lura ƙafar dama ta yi sakayau, ciwon shekara da shekaru babu shi. Amma ƙafar hagu, wadda ban taɓa kuka da ita ba, ita ce take ci da wuta, tun daga gefen ƙauri ta waje, ta bi ta saman tafin ƙafa har babban yatsa. Nas ta zo tace Baba motsa yatsunka mu gani, na dama suka motsa, na hagu ina ba shi umarni a raina ya ɗago amma babban yatsan yana kwance ko gezau. Na faɗa, aka ce kumburi ne, jijiya ce aka ɗan taɓa wajen aiki, zai sauka. Washegari aka ɗauki hoton ƙashi na yau da kullum, ta gaba da ta gefe, aka ce ƙarfe ya zauna lafiya. Aka ƙara min magani, daga baya aka sallame ni.

Zaman gidan nan shi ne mafi wuya a rayuwata. Silifas ba ya zama a ƙafar, in na ɗaga ta sai kan ƙafar ya langaɓe ƙasa, yatsun suna jan ƙasa, bakin tabarma kawai sai ya harɗe ni. Dole na koma ɗaga gwiwa sama sosai kafin in taka, kuma in na taka sai kaji ƙafar ta faɗi ɓat. Da dare ko bargo ne ya taɓa saman ƙafar sai na yi ƙara, ga sanyin hunturu, sai uwargida ta samo kwali ta yi min rumfa a kan ƙafar sannan ta lulluɓa. Ba na barci, ita ma ba ta yi. Na zama mai faɗa, yaran da in na dawo kasuwa suke rige-rigen taro na suka koma leƙe daga bakin ƙofa. Masu zuwa dubiya kuma wasu ba sa taunawa, ai mun faɗa maka ba a taɓa baya, wani yace jifa ne a nemi malamai. Akwai daren da na zauna a bakin gado ina lissafin sito da bashin mutane da kuɗin makarantar yara, na rasa ta inda zan ɓullo, sai Innalillahi kawai nake maimaitawa har aka kira assalatu. Duk komawar da na yi asibiti maganar ɗaya ce, a ƙara haƙuri, jijiya ba ta son gaggawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni na san wannan ba ciwon warkewa bane.

Wani abokin ƙanina mai aikin gashin ƙashi ne ya zo gida duba ni. Ya durƙusa ya riƙe ƙafar yace Yaya ja yatsanka sama, ja ƙafar gaba ɗaya, taka da dunduniya. Ya tambaye ni kafin aiki wace ƙafa ce take ciwo, nace dama. Ya yi shiru, sannan yace ƙafar da take lafiya ta wayi gari da sabon ciwo da rauni bayan an sa ƙarfe, wannan ba abin jira bane, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba zai nuna ba, a je a yi CT a ga ƙusoshin ta kowane ɓangare.

Hoton CT ɗin nan har yau yana wayata. Shi yana yanka jiki ne yanka-yanka a hoto, sai kaga ƙashin ta sama, ga ramin da jijiyoyi suke bi a tsakiya, ga ƙusoshi biyu farare tas sun taho daga baya ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ta daman tana cikin ƙashi, ƙashi ya kewaye ta ko'ina. Ta hagun a L5 kuwa ta karkata ciki, ta fasa bangon ƙashin, zarenta ya leƙo cikin ramin daidai inda jijiyar take wucewa. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba da aka nuna min na gane. Jijiyar L5 ita ce mai ɗaga babban yatsa da kan ƙafa, ita ce kuma mai kawo ji daga gefen ƙauri da saman ƙafa, wato duk inda nake kuka da shi. Watanni ƙarfe yana gogar ta.

Na koma wa likitan da hoton. Bai musa ba, ya daɗe yana kallo, yace dole a sake shiga a gyara. Ya yi min bayani cewa sun yi amfani da injin hoto a tiyata, wanda yake da lanƙwasa irin harafin C, ana juya shi a ɗauka ta gaba a ɗauka ta gefe, kuma a duka biyun ƙusar ta fito kamar tana kan hanya. Ban ɗauke shi mugu ba har ga Allah, mutumin nan shi ya raba ni da ciwon ƙafar dama. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tun ranar farko na faɗa, kuma injin CT yana nan cikin gari, da an tura ni a satin da wataƙila ba haka ƙafar take ba yau. Zuciyata dai ta kasa yarda in sake kwanciya a wuri ɗaya.

Ƙanina ya tura hotunan wurare daban-daban, a ƙarshe muka tsaya a kan wani asibiti a Delhi ta ƙasar Indiya. Na sayar da filin da na ajiye don ginin yara, na karya farashin riɗin da ke sito, 'yan layinmu a kasuwa suka yi min karo-karo ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka musu da alheri. Biza ta fito muka tashi a Fabrairu 2020, ni a keken guragu a filin jirgi. Wani ɗalibi ɗan Arewa ne ya yi mana tafinta.

Likitan can ya ɗauko ƙashin baya na roba ya ɗora a tebur, a nan ne na fara fahimtar abin da aka yi a jikina. Ashe ƙusar ba a sarari ake kafa ta ba. Kowane guntun ƙashin baya yana da wasu 'yan gadoji biyu, dama da hagu, da suka haɗa bayansa da gabansa, ta cikin wannan 'yar gadar ake zura ƙusa daga baya har ta shiga jikin ƙashin na gaba. Likita bakin ramin kawai yake gani, sauran tafiyar duk a ɓoye take. Kamar ace an ba ka karan dawa an ce ka zura ƙusa ta cikinsa a tsaye kar ta ɓullo ta gefe. Ƙusar kwankwaso kaurinta yakan kai milimita 6 zuwa 7, tsawonta 40 zuwa 50, a saitin ƙirji kuwa akwai inda faɗin gadar gaba ɗaya bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. In ta kauce ciki ta shiga ramin laka da jijiyoyi, in ta yi ƙasa ta samu jijiyar da take fita ta nan, in ta yi waje ba za ta riƙe da kyau ba, in ta zarce gaba da yawa kuma manyan hanyoyin jini ne a kwance a gaban ƙashin. Yace akwai ma'aunin da wasu likitoci biyu Gertzbein da Robbins suka fitar a 1990, daga A zuwa E, A ita ce ƙusar da take cikin ƙashi gaba ɗaya, B ta leƙo ƙasa da milimita 2, haka ake hawa bibbiyu har E da ta wuce 6. Tawa D ce. Ya ƙara da cewa ƙusoshi da yawa suna ɗan leƙowa mai su bai ma sani ba har ƙarshen rayuwarsa, ba kowace ake komawa a taɓa ba, amma wadda ta leƙo ta ciki kuma ga rauni a ƙafa ita ba a barinta.

Nace wa tafinta ya tambaye shi, Likita ta yaya zan san wannan karon ba za ta sake kaucewa ba? Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na sa hannu. Yace ba zai min alkawarin ba za ta kauce ba, don tsohon rami yana da halin jawo sabuwar ƙusa, alkawarinsa shi ne ba zai ɗinke ni ba sai ya ga inda take da hoto irin na CT ina kwance a kan gadon tiyata. Game da ƙafar kuma bai ɓoye min ba, yace ciwon yana sa ran zai ragu, ƙarfin kuwa jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta dawo duka ba.

Injin da suke da shi sunansa O-arm, na kamfanin Medtronic. Zobe ne babba da yake buɗewa ta gefe, a turo shi ya rungumi gadon da mara lafiya yake kai sannan ya rufe, abin ɗaukar hoton ya zagaya jikinka a ciki, ƙasa da minti ɗaya hotuna yanka-yanka sun fito a allo. Kafin su fara sukan damƙe wani ɗan ƙarfe mai ƙwallaye masu sheƙi a jikin ƙashinka, wata kyamara tana kallonsa tana kallon kayan aikin da ke hannun likita, sai kwamfuta ta riƙa nuna masa a kan hoton bayanka inda bakin abin yake da inda ya nufa. Bayan wannan kuma akwai mai lura da jijiyoyi da yake zaune gefe, ya soka 'yan allurai a naman ƙafafu, in an kafa ƙusa sai a ɗan sa mata lantarki kaɗan, in tana cikin ƙashi sosai ƙashin yana tare wutar, in kuwa ta fasa tana kusa da jijiya to da 'yar wuta kaɗan naman ƙafar zai amsa. Ni duk ina barci aka yi wannan, sai da na tashi naga ɗige-ɗigen jini ƙanana a ƙauri da cinya na tambaya aka faɗa min.

Da na farfaɗo ban yi magana ba sai da na saurari ƙafar. Wutar nan ta lafa, saura ɗan zugi da dindiris. Ƙanina yana tsaye a kaina nace masa ja bargon nan ka rufe min ƙafa, ya rufe, ban ji komai ba sai nauyin bargo. Shi ya fara kuka kafin ni.

Ranar da likita ya zo zagaye da kwamfutarsa ya nuna min hotuna kashi uku da aka ɗauka a cikin tiyata. Na farko bayan an cire tsohuwar ƙusa, ga ramin da ta bari a karkace. Na biyu bayan an kafa sabuwa, ya nuna min da biro, duk da kwamfutar da komai bakinta ya ɗan zame ya fara bin tsohon ramin, ta leƙo kaɗan ta ciki. A nan take suka warware ta, suka gyara bakin ramin ta waje, suka sake kafawa. Na uku ga ta a tsakiyar ƙashi, fari ya kewaye ta ko'ina. Na daɗe ina kallon hoto na biyun nan. Irin kaucewar da ta kwantar da ni watanni, ta cinye min fili, ta sa yarana suke tsorona, ita ce ta so ta sake faruwa a hannun wani likitan a wata ƙasar, amma da yake an duba tun baya yana buɗe ba ta ɗauke su ko rabin awa ba. Tun daga ranar na daina ganin abin a matsayin wane ya iya wane bai iya ba, hannun ɗan Adam ne yake aiki a wurin da ido ba ya kaiwa, dole sai an duba, kuma lokacin dubawar yana da muhimmanci kamar dubawar kanta.

Kar wani ya fahimce ni cewa duk wanda za a sa wa ƙarfe sai ya sayar da gona ya tafi Indiya, ko kuma injin C ba shi da amfani. Wannan hanyar ta kafa ƙusa ta cikin gadar ƙashi tun shekarun 1960 wani likita Bafaranshe mai suna Roy-Camille ya fara yaɗa ta, injin zoben kuwa sai wajen tsakiyar shekarun 2000 ya fito, a tsakanin nan an yi wa mutane masu ɗimbin yawa aiki lafiya lau, kuma har gobe ana yi, a nan gida ma muna da likitocin da suke yi da kyau. Suna da hanyoyinsu, akwai siririn ƙarfe mai ɗan kai da suke zurawa a ramin kafin ƙusa su lalubi bangonsa ta ko'ina suji ko ya fashe, akwai karkata injin C ɗin a kalli ƙusar ta saitin tsawonta, akwai gwajin lantarkin nan. Shi ma injin zoben yana da nasa, tsada gare shi sosai, kuma hasken da yake sakarwa a zagaye ɗaya ya fi na hoton ƙashi na yau da kullum nesa, shi ya sa ma'aikata suke matsawa bayan kariya in zai zagaya, ba a yin sa barkatai. Abin da nake cewa, inda babu shi to kunnen likita ya zama a buɗe bayan aiki, mutum ya tashi da sabon ciwo mai tsanani a ƙafa, ko yatsu sun ƙi motsi, ko ƙafar da take lafiya ta canza, a yi CT a lokacin. In kuwa fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan ko tsakar dare ne a koma asibiti.

Mun dawo gida a farkon Maris, ba a jima ba aka rufe filayen jirgi saboda korona, a Afrilu kuma aka kulle Kano. Da mun ƙara jinkiri kaɗan da ban samu tafiya ba sam, don Indiya ma ta dakatar da biza a watan na Maris, wannan kam ikon Allah ne. Kullen ya sa gashin ƙafa ya koma gida. Abokin ƙanina yana nuna mana ta bidiyo a waya, uwargida ta naɗe zani ta saƙala a tafin ƙafar tana ja ina ƙoƙarin taya ta, safe da yamma ba fashi, ita ce ta zama likitata a watannin nan kuma ban san da me zan biya ta ba. An ba ni wani takalmin roba mai tauri da yake bi ta bayan ƙauri ya riƙe ƙafar kar ta langaɓe, da shi na koyi tafiya. Wajen babbar salla ina zaune ina alwala naga babban yatsan ya ɗan ɗaga, kaɗan ne ƙwarai, na kira duk gidan suka zo suka tsaya ina sake yi suna kallo.

Yau ina iya ɗaga ƙafar amma ba kamar ta dama ba, in na gaji da yamma takan fara jan ƙasa, saman yatsan kuma har yanzu dindiris yake. Na bar silifas sai takalmi mai rufi ko sandal mai maɗauri ta baya. Farilla a tsaye nake yi, in karatu ya yi tsawo ina zama. Hoton da aka yi min bayan shekara ya nuna ƙasusuwan biyu sun haɗe. Na koma sito, buhu kam ko na kilo 25 ba na ɗagawa, kuma yaran da suke min dako na saya musu baro da kura, ba na yarda a hau katako da buhu a baya a ƙofar sitona, wasu suna ganin ɓata lokaci ne amma ni na san abin da na sani.

Bara wani maƙwabcina a layi, dattijo ne ya girme ni, aka ce shi ma sai an sa masa ƙarfe. Ya zo yace Alhaji kai ka san hanya, ka raka ni. Muka shiga wurin likitansa a nan Kano, bayan sun gama nasu nace Likita don Allah ina da tambaya, da wane hoto za ku duba ƙusoshin kafin ku rufe, akwai mai lura da jijiya, in ya tashi da sabon ciwo a ƙafa me za a yi kuma yaushe. Na zaci zai ji haushi, sai ya gyara zama ya amsa ɗaya bayan ɗaya, yace injin zobe ba su da shi, injin C ne, zai duba kowace ƙusa ta fuska fiye da biyu, zai gwada ƙafafun da kansa da zarar ya farfaɗo, kuma in an ga wani canji a ranar za a yi CT, ya rubuta hakan a fayil a gabanmu. Aka yi aikin, ni na kwana a wurinsa daren farko, likitan ya zo da kansa bayan isha ya sa shi ya ɗaga yatsu goma duka suka ɗagu. Ya dawo kasuwa kafin kakar riɗi, yanzu tare muke tafiya masallaci, shi da bel ɗinsa a ƙugu ni da takalmina.